Minti Huɗun da Kawu Kasirye Ba Ya Nunawa

Bukuzi, 3 ga Afrilu, 2011

'Yata Nanyonjo,

Ina gaishe ki, ke da mijinki da yaran, da fatan kowa yana lafiya. Mu nan tsibiri sai godiya, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙi jin magani, da idon da likitan Kalangala ya ce yanar ido ta fara rufe shi. Ruwan sama ya yi yawa bana, ƙananan kifin mukene ba sa bushewa a kan rairayi, mata sai ƙorafi suke yi.

Kin san ni da waya ba ma shiri, shi ya sa na ba matuƙin jirgin kasuwa wannan takarda ya jefa miki a gidan waya. Shekara shida rabon da in rubuta miki, kuma da na so a ce alheri ne ya sa na ɗauki biro.

Jaridarku ta Lahadi biyu da suka wuce ta iso nan. Lutaaya, shugaban makarantar firamare, ya ga sunan Bukuzi a shafinki na sharhin fina-finai, murna ta kama shi, ya tsaya a kwata inda ake sauke kifi ya karanta wa jama'a da ƙarfi, yana juya shi zuwa Luganda layi bayan layi.

Kin rubuta a kan tsohon fim ɗin nan marar launi da muke kira fim ɗin sawu. Kin ce kina shekara goma sha ɗaya kika fara ganinsa a gidan kallona, ina riƙe da makirfo ina fassarawa. Kin ce yanzu kin ga sabon kwafinsa, kin tarar labarin ba shi ne wanda na ba ku ba: masuncin da ya nutse ya dawo ne ya kashe matarsa, domin ita ta huda masa kwale-kwale. Kin ce ban ji Turanci ba shi ya sa na ƙirƙiro nawa, kuma kaset ɗina guntu ne, ban taɓa ganin ƙarshensa ba. Rubutun ya tsaru. Har kin kira ni mai hikima, na gode.

Shekara goma sha huɗu na yi ina akawu a jirgin dakon kaya tsakanin Port Bell da Kisumu da Mwanza, kuma ba da Luganda nake cika takardun ba. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne Nalongo Tereza tana zaune a kan kifaffen kwale-kwale da farantin soye-soyenta lokacin da Lutaaya yake karatu. Ta ji duka. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata ba.

Na san kin gane. Ina roƙonki ki rubuta gyara.

Kawunki,
Matiya Kasirye

*

Kampala, 19 ga Afrilu, 2011

Kawu,

Na durƙusa na gaishe ka. Muna lafiya, ƙaramar ce ta yi mura ta warke. Ka daure ka koma wurin likita kan idon nan, yanar ido ba ta jira. Mama ta ce in gaishe da ɗan kawunta, ta ce har yanzu kana da taurin kai kan waya.

Na karanta takardarka a ofis. Aikina ke nan in tabbatar kafin in rubuta, kuma a kanka ne na kasa. Na ɗauki abin da yarinya ta zata na buga shi a matsayin abin da na sani. Ba ni da uzuri.

Na riga na gyara. Ga guntun jaridar nan na haɗo maka. Layi uku ne, a ƙasan shafina na Lahadin da ta wuce: cewa Matiya Kasirye na Bukuzi ya ji Turanci sarai, ya yi aikin akawu shekara goma sha huɗu, kuma duk abin da ya faɗa a fassararsa da saninsa ya faɗa. Edita ya so a rage shi, na ƙi.

Bari in gaya maka yadda aka yi. Akwai ƙungiyar masu son tsofaffin fina-finai da ke haɗuwa ranar Asabar da rana a saman wani kantin littattafai. Su suka samo kwafin da aka wanke, da fassara a rubuce a ƙasan hoto. Da aka nuna sawun farko a kan yashi, jiƙaƙƙe, ya fito daga ruwa ya tsaya, sai na ji muryarka a kunnena. Kawu, fim ɗin nan ba jini ko ɗigo. Sawu ne kawai, kowace safiya ya ƙara matsowa kusa da ƙofar matar. A watan nan na kalli na ban tsoro guda biyar don shafina. Uku na waje ne, waɗanda ke buga maka ƙara duk minti biyar don ka zabura, ka fito ba ka tuna fuskar kowa. Biyu namu ne na gida. Ɗaya a kwana huɗu aka ɗauke shi, boka da kan akuya, kuma mai fassarar, ana cikin yanka mutum, ya tsaya yana tallar shagon waya na ƙaninsa. Na zauna na rubuta sharhin nan ne don in ce ni a gaban wani irin mai fassara na koyi kallo. Godiya na yi nufi, ta fito a karkace.

Nalongo Tereza na tuna ta, uwar tagwayen da ke ba ni soyayyar ayaba a ganye ta ce 'yar birni ba ta da nama. In don an taɓa mutuncinka ne ta yi fushi, ka nuna mata gyaran, ka ce ina neman gafara. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa kai take ƙi wa gaisuwa, ba ni ba.

'Yarka,
Nanyonjo

*

Bukuzi, 11 ga Mayu, 2011

'Yata,

Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan yadda take. Ki gaishe da mamarki, ki ce taurin kan na gidansu ne.

Laifina ne. Na ce kin gane, na manta hutun makaranta ɗaya kika yi a nan, kuma ba a gaya wa yara irin wannan. Gyaranki ya iso kafin takardarki, Lutaaya ya karanta shi a kwata kamar na farko, kuma ya fi na farkon ɓarna. Ki saurara.

Ranar 14 ga Agusta, 1992, jirgin kasuwa ya kife da mutum talatin da ɗaya a hanyar dawowa. An samu gawa goma sha tara. Goma sha biyu tafki bai mayar ba. Kin san abin da ake yi: a sare jikin ayaba, a naɗe shi a ƙyallen ɓawon itace kamar mutum, a kira sunan mamacin a binne, don ya samu wurin kwanciya, gidan kuma ya samu wurin kuka. Gida goma sha ɗaya suka yi. Nalongo ta ƙi.

Da safiyar ranar mijinta, Salongo Bbosa, ya dubi sama ya ce iskar nan ba ta yi masa ba, zai fasa tafiya. Nalongo kuwa garin soye-soye ya ƙare mata. Ta ce masa namijin da ke tsoron iska ya ɗaura zane ya zauna gindin kasko, ita ta je. Maƙwabta sun ji, an yi dariya. Ya ɗauki hularsa ya tafi. Bayan abin ya faru ta ce ba za ta binne ayaba ba, ita ta kashe shi, kuma zai zo. Ta daina zuwa bakin ruwa, ta daina ɗora tukunya. Tagwayen, suna shekara takwas, a gidajen mutane suke ci.

Wata bakwai ana haka, sai kaset ɗin ya zo mini daga Masaka cikin kwali da wasu. Ƙa'idata ba na fassara abin da ban kalla sau biyu ni kaɗai ba. Na kalla har ƙarshe, na san ba na tsibirin nan ba ne. Amma na riga na rubuta shi a allo, mutane sun cika benci, na ce a yi sau ɗaya a wuce. Sai da aka fara na hango ta a benci na uku. Ba ta taɓa shiga gidan kallo ba. An gaya mata akwai fim ɗin mutumin da ya nutse ya dawo, ta zo ta ga abin da ke jiranta.

Na rage sautin har ƙasa. Na ce musu mutumin nan ba shi da kabari, sanyi yake ji, yana zuwa ƙofar matarsa ne ya roƙi wurin kwanciya. Inda matar ke gaya wa fadan coci cewa ita ta huda kwale-kwalen, kin ga ai da baki ne kawai, ba a nuna ba. Na ce tana tambayarsa yadda ake binne wanda ba a ga gawarsa ba. Da ta ɗauki kwat ɗin mijin ta nufi bakin teku, saura minti huɗu, na sa ƙafa na fizge wayar janareta. Na ce mai ya ƙare. Na ƙarasa musu da baki a cikin duhun tamfol ɗin da ke rufe gidan kallon: ta haƙa rami ta binne kwat ɗin, daga ranar sawu bai sake fitowa ba.

Bayan kwana tara Nalongo ta sare ayaba. Ni na riƙe gefe ɗaya na ƙyallen.

Tun daga shekarar, kowace 14 ga Agusta da ƙarfe uku na rana, ina nuna wa gidaje goma sha biyun nan fim ɗin, kuma mai yana ƙarewa a wuri ɗaya. Wanda kika gani na farkonsu ne. Kin rubuta cewa mata suna kuka don tsoro.

Sharhinki na farko ya bar mata ƙofa. Ta ce wa maƙwabta in Kasirye bai ji Turanci ba, wa ya ce 'yar birnin ta ji? Gyaranki ya rufe ƙofar: ya ji, ya sani, da saninsa ya faɗa. Shekaranjiya ta tsaya a bakin zaurena, ba ta shigo ba.

"Kasirye, ashe zuwa yake ya ja ni?"

Na ce mata fim ne, Nalongo, na Turawa, ba ruwansa da Salongo.

"Ai da ma na Turawa ne lokacin da ka ce in yarda da shi."

Ga roƙona. Ki rubuta cewa kin bincika, fim ɗin kashi biyu ne: tsohon shi ne nawa, wanda kika gani daga baya aka sake masa ƙarshe don ya shiga kasuwa. Kin san ana yin haka. Layi huɗu ya isa. Mutanen nan abin da aka buga a jarida suke yarda da shi, kin gani da kanki. Ya fito kafin 14 ga Agusta.

Kawunki,
Kasirye

*

Kampala, 30 ga Yuni, 2011

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Kowa lafiya a nan. Kada ka ɗauki shirun nan raini ne. An tura ni bikin fina-finai a bakin teku, takardarka ta yi mako uku a kan teburina. Sauran makonnin kuma ni na zauna a kanta, ina karantawa ina ajiyewa. Gara in faɗa maka haka.

Na tuna ranar yanzu da wani ido. Na tuna ba wanda ya yi ihu da janareta ya mutu, alhali ko wasan ƙwallo ne aka ɗauke wuta sai an kusa ɓalla maka benci. Ina da wannan a kaina shekara goma sha takwas ban tambayi kaina dalili ba, ni da ake ce wa mai lura.

Na rubuta wa waɗanda suka wanke fim ɗin, ina fatan a ce akwai kashi na biyun da gaske. Sun amsa cikin ladabi. Ƙarshe ɗaya ne, tun ranar da aka fara nuna shi.

Kawu, ba zan iya rubuta layi huɗun nan ba. Ba tsoron edita ba ne, shi ba zai ma lura ba. Dalili biyu ne. 'Yan ƙungiyar Asabar sun san fim ɗin nan kamar tafin hannunsu, mako na zagayowa wasiƙunsu za su cika shafin masu karatu, kuma Lutaaya zai tsaya a kwata ya karanta su. Sai ta ji an yi mata ƙarya sau biyu. Na biyun nawa ne, ba zan ɓoye shi a bayan na farko ba. Ba ni da komai a aikin nan sai cewa in na ce na gani, to na gani. Na riga na saɓa sau ɗaya a kanka bisa kuskure. In na saɓa da gangan, ban san me zan riƙe ba.

Ga abin da zan iya. Zan rubuta labarin gaba ɗaya yadda ka ba ni, ba suna, ba tsibiri, don a san abin da mai fassara ya yi da makirfo. Ko kuma in zo cikin Yuli in durƙusa a gaban Nalongo, in gaya mata da bakina cewa na kalli fina-finan fatalwa fiye da ɗari uku, kuma waɗanda suka rubuta su ba wanda ya taɓa dawowa daga ruwa ya ba su labari. Ka zaɓa, ko ka ce duka biyun.

'Yarka,
Nanyonjo

*

Bukuzi, 9 ga Yuli, 2011

Nanyonjo,

Muna lafiya. Iska ta taso, kifi ya yi wuya.

Na ji abin da kika ce. Ba zan sake roƙo ba.

Kada ki rubuta labarin. Ko kin cire suna, uwar tagwaye ɗaya ce a tafkin nan da ta gaya wa mijinta ya ɗaura zane. An karanta ta a kwata sau biyu, ya isa.

Kada ki zo yanzu.

Tana zuwa wurin kabarin ta zauna, ba ta share shi kamar da. Wasswa, babban tagwayen, ya ce ta tambaye shi ko a tone, tunda mai shi bai taɓa kwanciya a ciki ba. Ya ce mata ta bari sai bayan sha huɗu ga wata.

Jirgi zai tashi, na tsaya nan.

Kasirye

*

Kampala, 5 ga Agusta, 2011

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiya muke.

Ka ce kada in zo, kuma ban ga laifinka ba. Na sayi ƙyallen atamfa don Nalongo tun Yuni, yana nan a cikin akwati. Ba zan tilasta mata ganin fuskata ba, kai ma haka.

Ina so ka san wannan. Ranar Alhamis na rubuta layi huɗun. Sun yi kyau, har da shekarar da aka ce an sake ƙarshen, da sunan kamfanin da babu shi. Na sa su a ƙasan sharhin wani sabon fim na aljanar asibiti da bai cancanci rabin shafi ba. Na miƙa, na je na sha shayi, na dawo na ce wa mai tsara shafi ya cire. Ya tambaye ni ko kuskure ne a ciki, na ce duka.

Har yanzu ban san abin da ya sa na cire ba, gaskiya ce ko girman kai. Daga ciki kamanninsu ɗaya.

Ranar sha huɗu da ƙarfe uku zan kasance a gida. Ban san me zan yi ba, amma ba zan je kallon komai ba.

'Yarka, in har yanzu ka yarda,
Nanyonjo

*

Bukuzi, 21 ga Agusta, 2011

'Yata,

Ina gaishe ki da iyalinki. Jikina da sauƙi. Takardarki ta biyar ga wata sai ranar sha bakwai ta shigo hannuna.

Na ce kada ki zo yanzu, domin Yuli ne, babban jirgin fito yana wurin gyara, kuma ba zan sa 'yar ƙanwata a ƙaramin kwale-kwale cikin iskar nan ba, a kan wannan maganar musamman. Jirgin ya dawo aiki ƙarshen wata. Na ɗauka za ki zo ranar sha uku. Har na gaya wa Nalongo kina tafe, ta sa Wasswa ya kama kaza. Da na ƙara layi ɗaya a waccan takardar da kin gane, amma ina fushi, matuƙi kuma yana jira. Ni ke nan, mutumin da ya yi shekara talatin yana bayyana wa jama'a abin da wasu ke nufi.

Ga yadda ranar ta kasance. Gida goma cikin sha biyu suka zo, sai kuma 'yan kallo da ba su taɓa zuwa ba, waɗanda suka ji a kwata suna son ganin yadda tsoho zai yi. Ban hana su ba, ban taɓa sa wa ranar ƙofa ba. Nalongo ta zauna a bencinta na uku.

Na fara kamar kullum. Sawu na farko, sawu na biyu. Na ce sanyi yake ji. Da muka kai wurin fada, Mugerwa mai sayen kifi ya ɗaga murya daga baya ya ce, tsoho, faɗi abin da matar ke faɗa ko mu aika a kira Lutaaya. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ya fita. Nalongo ba ta juya ba, ta ce:

"Ƙara sautin, Kasirye. Ka fassara yadda yake."

Na ƙara. Na fassara kalma bayan kalma, kamar ina cika takardar kaya. Da matar ta ɗauki kwat, ƙafata ta tafi wurin wayar da kanta. Nalongo ta gani.

"Bana akwai mai," ta ce.

Kin san minti huɗun, ba sai na ba ki labari ba. Hannun da ya fito, da kwat ɗin da ya rage yana yawo a kan ruwa. Ba magana a ciki, don haka ba abin da zan fassara. Na ajiye makirfo a cinya. Da aka ɗage tamfol, Mugerwa ne ya fara fita, kansa a ƙasa.

Ta jira ni a waje. Ta ce kada in ɗauke su awaki, ba gida ɗaya a cikin sha biyun da bai san mai ba ya ƙarewa a wuri ɗaya shekara goma sha takwas ba. Tun shekara ta biyu ta sani. Ta ce amma muddin ba wanda ya faɗa, tana iya zama ta ji ni ina cewa ya samu wurin kwanciya, kuma hakan yana kai ta wata shekarar. Ta ce waccan matar huda ta yi, ita baki kawai ta yi, ta san da bambanci, amma sani bai taɓa sa ta barci ba.

Ba a tone kabarin ba. Ba ta kuma zuwa wurin. Tana amsa gaisuwata yanzu, yadda take amsa ta baƙon da ya sauka daga jirgi.

Baɗi ba zan nuna ba. Ba fushi ba ne. Na gwada ni kaɗai ranar Laraba da rana, na kunna, na buɗe baki in ce sanyi yake ji, sai na ji kaina ina ƙarya. Da ba na ji.

Kan layi huɗun, kin yi daidai da kika cire. Na san haka tun ina roƙonki. Ban ce ya yi mini daɗi ba.

Jiya ta aiko Wasswa da tambaya gare ki. Ta ce tunda kin kalli ɗari uku, ko akwai wanda mutum ya nutse, ba a ga gawarsa ba, ya dawo gida bai cuci kowa ba. Ta ce in akwai ki aiko, kowa ya fassara, ko Lutaaya ne. Na ce zan tambaya.

Kawunki,
Matiya Kasirye

*

Kampala, 12 ga Satumba, 2011

Kawu,

Na durƙusa na gaishe ka. Muna lafiya. Na karanta maganar jirgin fito sau da yawa. Da na buga wa Wasswa waya ɗaya na tambaya, da na sani. Na fi son in zauna da ɓacin raina, domin ya fi sauƙi a kan in fuskance ta.

Na yi mako biyu a kan tambayarta. Na bi littattafan da nake rubuta abin da na kalla tun da na fara aiki, na tambayi 'yan ƙungiyar Asabar ba tare da na faɗi dalili ba, na sake rubuta wa masu wanke fina-finai. Mamacin da ya dawo da alheri akwai shi, na ƙirga goma sha ɗaya, tsofaffi da sababbi. Cikinsu uku ne na ruwa. A duk ukun an ga gawa, an yi jana'iza tun farkon fim, mamacin ya dawo ne ya yi sallama ko ya nuna inda ya ajiye wani abu. Na kalle su har ƙarshe, ko da akwai wanda za a ce ya yi kusa. Nalongo za ta gane bambancin tun kafin a kai rabi.

Kada ka ba ta amsa. Zan shigo babban jirgi ranar Asabar, ashirin da huɗu, in faɗa mata da kaina, a durƙushe, cewa na nema ban samu ba. Fim ɗin da take nema shekara goma sha takwas aka yi ana nuna shi, a Bukuzi, kuma ni na rufe shi.

Ka gaya wa Wasswa kada ya yanka komai.

'Yarka,
Nanyonjo